Kana tambaya ta inda nake samo zane

To ɗana na ji saƙonka, sau biyu ma na saurare shi don ka yi maganar ƙasa-ƙasa kamar wanda ya saci kaza. Ka ce kana son ka riƙa ɗan taɓa aikin fata a gida in mun tashi daga rumfa, alabe ne, gidan salula ne, ɗan abin rataya makulli, amma wai duk abin da ka yi sai ya hito kamar na kowa, ka turo mini hoton wata jaka da ka gani a Facebook kana tambaya ko ka kwafe ta, sannan ka ce wai ni ina nake samo zanena. Ba don wagga tambaya ta ƙarshe ba da na bari sai gobe a rumfa, amma ta fama mini wani tsohon miki, barci ya ƙi zuwa, bari in rubuta maka.

Jakar nan da ka turo ma tukuna, ba fata ba ce, roba ce aka yi wa tambari da inji. Shekara uku kana zaune gabana amma ba ka gane ba? Dubi bakin inda aka yanke ta mana. Kai da aka haifa a Maradi, garin jar akuya, fatar da Turawa suka daɗe suna biɗa don laushinta da ƙanƙantar idonta, har safar hannu ta masu kuɗɗi suke yi da ita, kai ne za ka zauna kana kwaikwayon roba. Ku yaran yanzu idonku na cikin waya ashirin da huɗu, shi ya sa hannunku duka iri ɗaya ne, hoto guda kuka gani ku dubu.

Zane yana nan zube cikin gari babu mai ɗauka. Ka tahi babbar kasuwa ran Litinin ko Juma'a ka tsaya wajen masu faifai da tabarmi ka ga yadda mace ke juya kaba ja da baƙa ba ta taɓa riƙe kiriyon ba. Ka dubi askar babbar riga, ka dubi dagi a goshin tsohon soro, ka dubi lallen ƙafar amarya in ba za a mare ka ba. Ran hawan salla a ƙofar Sarkin Katsina kowa na kallon mahaya, kai ka kalli kayan dokin. Ka sayi kaye, ɗan littafin rubutu, na dala ashirin ka sa aljihu, abin da ya tsaya maka a ido ka zana ko da karkace ne. Ni nawa mahi kyau daga ƙwarya na samo shi, kuma shi ne aka cuce ni a kai.

Kakata ta wajen uwa da ita aka taso daga tsohon gari lokacin da Gulbi ya ci Maradi a 1945 aka hau tudu, kuma cikin ɗan abin da ta tsira da shi har da wata ƙwarya ta aurenta mai zanen wuta. Ta tsage an ɗinke ta wuri biyu, amma in ka kife ta sai ka ga tauraro a gindi, layuka sun fita daga gare shi kamar an raba waina, kowane yanki da ƙananan haƙora suna hawa suna sauka, ba biyu da suka yi daidai amma in ka ja baya sai ka rantse da ma'auni aka yi. Tun ina yaro ake dama mini fura a cikinta ban taɓa kallonta ba, sai a 1993 wata rana an kife ta a rana tana shanya, na zo wucewa na tsaya cak. Na ce wanga ai saman tumtum ne, matashin nan na fata. Sati uku ina ɓata takardar buhun siminti kafin ya zauna, don abin da ya yi kyau a kan abu mai ƙundu in ka shimfiɗa shi sai ya watse, dole na rage haƙoran na faɗaɗa tsakiya, na raba shi yanki 16. Ja na karan dafi, baƙi na kuloko, fari fatar yadda ta hito daga majema, sai ɗan tsanwa kaɗan a tsakiyar tauraron kamar ƙwayar ido. Babana Allah shi jiƙan shi, mutumin da bai yabon kowa, ya juya shi ya juya shi ya ce to. Wannan to ɗin har yau ina jin ta.

Sai ga wani Alhaji ɗan kasuwa mai kai kaya Yamai da bakin teku, ba zan kama sunan shi ba ya riga mu gidan gaskiya, amma ban ce na manta ba. Ya gani ya rikice, ya ce guda 60 yake so, jaka uku-uku, wato sefa dubu uku kowane, jaka 180 ke nan, kuɗɗin da ban taɓa riƙewa ba. Na ce a ba ni avansi, ya yi dariya ya dafa kafaɗata ya ce haba ɗan malam, tsakaninmu? Kunya ta kama ni, ga girman rawani, na yi shiru. Na tahi majema na ɗauko fatu bashi, na sa ƙannena biyu, muka yi wata biyu muna ɗinki har dare da fitilar ƙwai, idona na hagu tun lokacin bai koma daidai ba. Ƙarshen Disamba ya zo ya loda, har da na farkon da na yi wanda na ce ba na saidawa ba ne ya ce a ara mashi ya nuna wa Turawa. Ya ce in ya komo daga Kwatano zai sallame ni.

Ran 12 ga Janairun 1994 aka karya sefa. Kai ba a haife ka ba, an kwana faran ɗin Faransa guda yana sefa 50 aka tashi yana 100. Duk abin da ke shigowa daga waje ya tashi, zare, allura, har fatar ma ta yi tsada don masu fitar da ita waje sun fi mu ƙarfin saye, masu jima kuma suka ce bashinsu da sabon farashi za a biya, kuma ban ga laifinsu ba. Alhaji fa? Sai bayan azumi ya bayyana, na yi ta sintiri ƙofar gidan shi kamar almajiri, yau ya fita gobe shina barci. Da ya ga dama ya biya ni da tsohon farashi, shi ma gutsure-gutsure, jaka goma yau jaka biyat wani sati, kuma ya cire kuɗɗin guda goma wai jan ya zuba ya ɓata wa wani farar shadda.

Wannan ƙaryar ta fi kuɗɗin ci mini rai. Jana bai zuba! Karan dafi ne na daka da hannuna na jiƙa da ruwan toka, na shafa na bari ya sha, na bi shi da lemun tsami, na goge, kuma kowace fata sai na murza ta da jiƙaƙƙen farin ƙyalle kafin in sa mata wuƙa. Garin rinin kanti da kuke so don sauri shi ne mai zuba, zuhwa kaɗan ya bi rigar mutum. Na ce a kawo mini goman in gani, ya ce suna Kwatano. Akuyoyin uwata huɗu na saida na biya majema.

Bayan shekara biyu na je Yamai biki, ina yawo sai na hangi zanen kakata a wani butik, an jera sun fi ashirin, ɗinki kamar an yi da ƙafa, fatar tunkiya ce ma mai saɓulewa, haƙoran duk an daidaita su sun mutu. Na tambayi yaron butik ɗin wanga aikin ina ne, ya ce mini ai tsohon zanen Buzaye ne daga Agadas. Ni ya gaya wa haka, ni. Na buɗe baki na rufe, mi zan ce mashi? Na farkon nawa ne Alhaji ya kai aka farke aka zana a kwali aka raba ma masu araha. Tun ranar ban sake ɗinka shi ba, ƙwaryar na nan cikin adaka, in ka yi hankali wata rana in nuna maka.

Saboda haka ka yi aikinka na gida, ban hana ba, ya fi zaman fada da shan shayi har ƙarhe biyu. Guntayen da ke cikin buhu bayan ƙofa ka ɗiba, amma guntaye na ce, in na ga ka taɓa mini gadon bayan fata za mu ɓata. Na ciki masu miƙewa ka yi geza da su, kar ka yi jikin alabe da su zai zama kamar bakin tsohuwa. Yadda ake yanka da huda da ɗinki ba zan tsaya faɗa maka ba, wanda ya shekara uku a rumfa bai iya wannan ba sai ya koma kabu-kabu. Kuloko kuma ka haɗa naka, guntayen ƙarhe daga maƙera da ruwa da ɗan sukari ka rufe ya kwana biyu, amma ka sani a kan irin fatar da aka jeme da bagaruwa yake kamawa, bagaruwar ce ke haɗuwa da ƙarhen ta yi baƙi, in ka shafa a fatar kanti ka yi asarar dare.

In Allah ya ba ka wani zane naka, kar ka yi rawar kai ka watsa shi a WhatsApp tun bai bushe ba, yanzu ba sai an ara an kai Kwatano ba, minti biyu ya isa Kano. Ka ɗinka goma tukuna ka aje, ka sa wata ƴar alama taka daga ciki inda sai an farke za a gani. Wanda ya ce a yi mashi da yawa ya aje rabi, ko limamin unguwarku ne, in ya ce haba tsakaninmu ka ce maigidana ya hana, ka ɗora mini laihin na ɗauka.

Gobe ka zo da sahe kafin ƙarhe takwas akwai gafaka biyu da za a karɓa, kuma ka komo mini da basillata mai ƙotar ƙaho, na san kai ka tahi da ita.