Hukuncin Tara Tikiti Don a Sayar da Tsada

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A Rigasa nake, Kaduna. Idan Sallah ta matso nakan sayi tikitin jirgin ƙasan Abuja da yawa, in jira ya ƙare, sannan in sayar wa matafiya ninkin kuɗinsa. Haka nake yi da tikitin wasan mawaƙa. Abokina ya ce haram nake ci, ni kuwa ciniki na gani, ban tilasta wa kowa ba. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, abokinka ya fi ka gaskiya.

Tikiti haƙƙin zama ne a kujera, kamar haya, kuma Malikiyya sun halatta wa mai haya ya ba wani hayar, ko da da riba. Da naka ka saya, tafiya ta fasu, ka sayar, da magana ta yi sauƙi. Amma kai kwashewa kake yi don ya yi wuya, kuma wannan shi ne ihtikari, wato ɓoye kaya. Muslim ya ruwaito daga Ma'amar bin Abdullahi cewa Annabi (SAW) ya ce babu mai ɓoye kaya sai mai saɓo. Shafi'iyya sun taƙaita hanin ga abinci, amma Imamu Malik a littafin Mudawwana ya faɗaɗa shi ga duk abin da ɓoye shi ke cutar da kasuwa, kuma Abu Yusuf na Hanafiyya ma haka ya gani. Wannan ne ya fi dacewa da hadisin "babu cuta, babu cutarwa".

Ka ce ba ka tilasta wa kowa ba. To wanda likita ke jiransa gobe a Abuja, yana tsoron bin titi saboda masu garkuwa, ya zo tasha aka ce tikiti ya ƙare alhali goma na aljihunka, da yardar ransa ya biya ka? Tun da jirgin ya fara aiki a 2016 ake kuka da 'yan cuwa-cuwa, shi ya sa aka koma sayarwa ta intanet a 2021, daga baya aka sa sharaɗin lambar NIN. Hadisi kuwa ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu. In da sunayen wasu kake saye, ga ƙarya. In da hannun ma'aikaci ne, ga rashawa.

Abin da ya halatta maka shi ne wakilci. Mutum ya aike ka ka yanko masa tikiti da sunansa, ku yanke ladan wahalarka tun farko. Ribar da ka ci a baya ka mayar wa waɗanda ka sani, sauran ka yi sadaka da ita a madadinsu.

Na mawaƙa kuwa, in taron akwai cakuɗa da batsa, tun sayen farko ma bai halatta ba.

Masu sayar da tikitin na asali su ma da sauran aiki. Su ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai saya, su kuma karɓi tikitin wanda ya fasa a kan kuɗinsa, su ba na gaba a layi. In masu nema sun fi kujeru yawa, a yi ƙuri'a, kyauta ba da kuɗin shiga ba, don kada ta zama caca. Annabi (SAW) yakan yi ta tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ya kuma ambace ta kan kiran sallah da sahun farko.

Allah ne mafi sani.