Kebul ɗin walda yana zafi: wane kauri ya kamata ka saya?

Ka ce ka kafa ƙaramin injin walda a zauren gida, irin inbata ɗin nan mai lambar amfiya 200 a jiki, ka ƙara wa kebul tsawo don ya kai waje inda kake haɗa ƙyaure. Yanzu kafin ka ƙone sanda uku kebul ya ɗau zafi, roba tana wari, wutar ma ba ta cin ƙarfe kamar da. Kana tambaya wane kauri za ka saya.

Dakata da zuwa kasuwa tukuna, ɗana. Fara gano inda zafin yake. Ƙona sanda biyu a jere, kashe injin, sannan ka bi kebul ɗin holda, wato mariƙin sanda, da bayan hannunka tun daga jikin injin har ƙarshe. Ka yi wa na at haka, wato wanda ake maƙala wa ƙarfen aiki. In ɗumin iri ɗaya ne daga farko har ƙarshe, to kebul ya yi siriri ko kuma abin da ke cikinsa ba jan ƙarfe ba ne. In kuwa wuri guda ne yake ƙuna, sauran da sanyinsa, laifin mahaɗa ne, kuma ko ka sayo mai kaurin hannu zafin zai dawo wurin.

Mu ɗauki kauri. Lambar da ake kira a kasuwa, 16, 25, 35 ko 50, girman bakin yankan jan ƙarfen da ke ciki ce a murabba'in milimita, ba kaurin roba ba. Kebul ɗin walda na jan ƙarfe zalla, in ana aiki ba tsayawa, mai 16 yana ɗaukar amfiya kamar 135, mai 25 kamar 180, mai 35 kamar 225, mai 50 kamar 285. An auna waɗannan ne a yanayi mai digiri 25. A bazarar Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke kai 40, sai ka rage wajen kashi 13 cikin 100, mai 16 ya koma amfiya 117, mai 25 ya koma 157. Kebul ɗin da ke kwance a kan siminti cikin ranar azahar kuwa ya riga ya yi zafi tun kafin ka kunna injin.

Kada lambar jikin injin ta ruɗe ka, duba sandar da kake ƙonawa. Geji 12, mai kaurin milimita 2.5, tana cin amfiya 60 zuwa 90. Geji 10, mai 3.2, tana cin 90 zuwa 130. Geji 8 mai milimita 4 kan kai 180. Ga mai ƙyaure da taga da geji 12, gajeren kebul mai 16 ya isa. Wanda ke yini a kan geji 10 ya sayi 25 ya huta.

Sai tsawo, inda yara da yawa ke kuskuren lissafi. Wuta tana fita ta kebul ɗin holda ta dawo ta na at, don haka tsawon duka biyun ake haɗawa. Mita 20 nan, mita 20 can, mita 40 ke nan. Ka ninka tsawon da amfiya, ka ninka da 0.0175, ka raba da lambar kebul, abin da ya fito shi ne volt ɗin da ya salwanta a hanya. A amfiya 130 da mita 40, mai 16 zai zubar da volt 5.7, mai 25 zai zubar da 3.6, mai 35 kuma 2.6. Wutar bakin sanda gaba ɗaya volt 25 ce ko kusa da haka, shi ya sa ba a so asarar ta haura 4. Wancan volt 5.7 ɗin, wajen watt 740 ne ke tafiya wajen dafa roba, kusan abin da ƙaramin dutsen guga ke ci. Da mutum ya ga sanda tana manne wa ƙarfe sai ya murɗa amfiya sama, ya ƙara ɓata lamarin, domin zafi ba ya hawa daidai da amfiya. Daga 100 zuwa 140 kawai, zafin da ke cikin kebul ya ninka.

Yanzu abin da ke cikin robar. Akwai kebul da yawa a kasuwa wanda alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama. A ido ja wur, amma alminiyam ba ya wuce kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka, mai rubutun 16 sai ya yi maka aikin mai 10. Kafin ka biya, ka sa a yanko maka ɗan guntu. Kankare sili ɗaya da wuƙa: in fari ya bayyana a ciki, ka ajiye musu kayansu. Ko ka kara masa wutar ashana, na gaske zai yi ja ya tsaya, na jabu zai lanƙwashe ya karye. Nauyi ma shaida ne. Mita ɗaya ta mai 25, in aka feɗe roba, jan ƙarfenta gram 220 ne ko kusa, na alminiyam kuwa wajen gram 70. Wani kuma jan ƙarfen ne amma an rage silin an cika da roba. Ka dubi bakin yankan, kada ka tsaya kan kaurin waje. Kuma wayar gini mai sili ƙalilan masu tauri ba ta wannan aikin ba ce, lanƙwasawar yau da gobe tana karya ta a gindin holda.

Mahaɗa ita ce ta fi cinye kebul a gidaje. Yadda ka ƙara tsawon nan, in murɗe silin ka yi ka naɗe da salatif, nan za ka tarar da zafin. Kwance salatif ɗin ka gani: jan ƙarfen ya yi baƙi, roba ta ƙandare tana tsagewa. Yanke wurin har sai ka kai inda silin ke sheƙi. Ka sa wa kowane baki kan waya na jan ƙarfe mai huda, daidai da lambar kebul, ka matse shi sosai, ka haɗa su da noti da washa, sannan ka rufe da roba mai kauri. Kada ka rage ko sili ɗaya don ya shiga rami. Fulogin da ke shiga jikin injin kuwa, a murɗa shi har ya kulle, in yana rawa zai ƙone ramin. Akwai ƙarami na kebul 10 zuwa 25, akwai babba na 35 zuwa 50.

At ɗin ma haka. A goge fenti da tsatsa da giranda, a maƙala shi kusa da inda ake walda. Abin nan da ake yi na jera rodi da guntayen ƙarfe a ƙasa a maimakon kebul ɗin at, ka bar shi. Ƙarfe bai kai jan ƙarfe ɗaukar wuta ba ko kusa, kowace mahaɗa kuma tana tartsatsi, a gidan da akwai yara da katifa da galan ɗin fetur.

Kebul ɗin da ya yi saura kada a bar shi a naɗe lokacin aiki, zafinsa ba ya samun hanyar fita. Warware shi a inuwa. In injin taransifoma ne, naɗin yana rage ƙarfin wuta, balle a naɗe shi a jikin ƙarfe.

Da yake naka inbata ne marar nauyi, mafita mafi sauƙi ita ce ka ɗauki injin ka kai shi bakin aiki, ka ƙara tsawon wayar da ke kawo masa wuta daga bango, don ita amfiya 25 zuwa 30 take ɗauka in an ƙure shi. Wannan ma ta fi ƙarfin soket ɗin ɗaki mai amfiya 13, shi ya sa kake ganinsa a narke. Ka ja masa layinsa shi kaɗai daga allon wuta da waya mai 4, mai jijiya uku har da ta ƙasa, bireka 32 da soket 32. In nisan ya haura mita 25, ka sa mai 6. Idan wutar unguwa ta yi ƙasa, inbata yana ƙara jan amfiya don ya cike giɓi, wayar sai ta ƙara zafi. A irin wannan lokaci ka koma geji 12 ko ka jira.

A jikin injin za ka ga an rubuta, misali, 60% a gefen wata amfiya. Ma'anarsa cikin minti 10, aiki na 6, hutu na 4. A lokacin hutun ka bar shi a kunne, fanka ta ci gaba da hura shi. Kai dai sayi mai 25 na jan ƙarfe, mita 5 na holda, mita 5 na at, kowanne guda ɗaya ba haɗi.