Amsa Ga Ɗana Na Kano Kan Kuɗin Ganin Likita A Makka

Assalamu alaikum, ɗana. Bayan gaisuwa da fatan Hajiya tana samun sauƙi, na ga saƙonka inda kake tambaya ko gaskiya ne abin da alhazai suke faɗa cewa magani kyauta ne a Saudiyya, kuma ko zai yiwu ka kawo ta nan a riƙa duba mata ciwon suga da hawan jini. Alhazan ba su yi ƙarya ba, domin abin da idonsu ya gani ke nan: a lokacin aikin Hajji hukuma tana duba mahajjaci a Mina da Arfa da asibitocin Makka ba tare da ta karɓi ko riyal ɗaya ba, har da wankin ƙoda da aikin zuciya. To amma wannan karamci ne da ake yi wa baƙin Allah a kwanakin ibada. Mu da muke zaune, abin da ake fara tambayarmu a ƙofar asibiti, tun kafin a ce ina ke maka ciwo, shi ne wace takarda muke riƙe da ita.

Ka sani cewa Hausawan Makka ba matsayinmu ɗaya ba a wurin hukuma, ko da kuwa muna cin tuwo a kwano ɗaya a Misfala ko Hindawiyya. Akwai waɗanda kakanninsu suka zo a ƙafa ta Sudan tun da daɗewa suka sami shaidar zama 'yan ƙasa, su ne za ka ji sunansu ya ƙare da Hausawi ko Fallata. Akwai masu iƙama, wato takardar izinin zama, wadda ku kuke kira igama, kuma ni kaina a cikinsu nake duk da cewa a nan aka yanke mini cibiya. Sannan akwai waɗanda ba su da ko ɗaya.

Ɗan ƙasa yana da markaz na unguwarsu, wato cibiyar lafiya ta matakin farko da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Lafiya. Kada ka kwatanta shi da asibitin sha-ka-tafi da kuka sani, domin a nan ne likitan iyali yake zaune, wanda muke kira ɗabibul usra, kuma a hannunsa ne bayanan gida gaba ɗaya suke, daga rigakafin jariri zuwa awon mai ciki zuwa sugan tsohuwa. Mutum yana neman ranar ganinsa ta manhajar Sehhaty a waya, idan ya rubuta magani sai saƙon Wasfaty ya shigo, a je kantin magani na unguwa a karɓa ba a biya ba. Idan ciwon ya fi ƙarfinsa, shi ne zai tura mutum babban asibiti irin su An-Nur. Ba ka tsallake shi ka tafi wurin ƙwararre da kanka kamar yadda ake tashi daga gida a nufi Asibitin Malam, sai dai idan abin gaggawa ne, wanda shi kuma lambar motar ɗaukar marasa lafiya 997 ce.

Duk da wannan gata, maƙwabtana 'yan ƙasa da yawa suna biyan kuɗi a mustausaf, kuma dalilinsu ba ɓoyayye ba ne. Mustausaf shi ne asibitin kuɗi na unguwa. Yawancin markaz ba sa aiki Juma'a da Asabar, mutanen Makka kuwa harkarsu ta dare ce saboda zafi, shi ya sa bayan sallar Isha za ka tarar da mustausaf cike da mata da yara, wasu ma ba sa rufewa har gari ya waye.

A nan ne maganar kuɗi take, kuma ina so ka fahimce ta da kyau. Abin da ake fara biya a kanta sunansa kashfiyya, wanda ya yi daidai da kuɗin kati a wurinku, sai dai shi ana biyansa ne a kan kowane sabon ciwo da kowane sabon likita. A wanda nake zuwa, ganin likitan da ke duba kowa riyal 50 ne, na ƙwararre kuwa ya ninka haka sau uku. Kashfiyya ladan dubawa ce kawai. Gwajin jini da hoto da allura da ƙarin ruwa kowanne da farashinsa, kuma a nan ne wanda ya shiga da riyal 100 yana ganin ya isa yake fitowa yana lalube a aljihu. A kan wannan akwai harajin kashi 15 cikin ɗari da aka kai shi haka a shekarar 2020, wanda hukuma take ɗauke wa ɗan ƙasa a asibitin kuɗi, mai iƙama kuwa ya biya da kansa. Abu ɗaya da nake yaba wa tsarin shi ne muraja'a: idan ka koma wurin likitan nan a kan ciwon nan cikin kwana 14, doka ta hana a sake karɓar kashfiyya. Tsofaffinmu da yawa ba su san wannan ba. Na taɓa raka wata gwaggonmu wani mustausaf inda yaron kanta ya nemi ta sake biya a kwana na tara, sai da na nuna masa ranar da ke jikin rasit sannan ya ce kuskure ne. Tun daga ranar nake gaya wa kowa ya adana rasit kamar yadda yake adana iƙamarsa.

Mu masu iƙama da ke aiki a kamfani muna dogara ne da ta'amin, wato inshorar lafiya, wadda dokar 1999 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin yi wa ma'aikacinsa da iyalinsa, kuma ba a sabunta iƙama sai da ita. Manyan kamfanonin da aka fi sani su ne Bupa da Tawuniya, amma katin ma aji-aji ne, na manaja daban, na direba daban, kuma kowane aji da jerin asibitocin da suke karɓarsa. Mai kati yakan biya wani kaso na kuɗin, galibi har kashi 20 cikin ɗari, gwaji mai tsada kuma sai an jira muwafaƙa, wato amincewa, daga kamfanin inshorar kafin a yi. Akwai kuma abubuwan da ba magani ba ne, kamar gwajin lasisin tuƙi, waɗanda kati ba ya ɗauka.

Kemis ma ba irin naku ba ne. Tun 2018 aka tsaurara hana sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta ba tare da takardar likita ba, saboda haka ɗabi'ar zuwa a ce a haɗa mini na zazzaɓi da taifot ba ta aiki a nan. Ko ƙaho, wanda wanzami yake yi a zaure, yanzu sai a wurin da ke da lasisi, kuma da kuɗinsa.

Waɗanda ba su da takarda su ne abin tausayi, domin ba su da markaz, ba su da ta'amin, komai tsabar kuɗi ne. Sukan jure da ruwan Zamzam da zuma da habbatus sauda har ciwo ya ci jiki. Rigakafin yara dai ana yinsa kyauta a markaz ga 'ya'yan masu iƙama ma. Abin da ya rage kuwa mu ne muke rufa wa juna asiri: matan unguwa suna da adashi da ake ba wadda rashin lafiya ya same ta kwasa ko da ba layinta ba ne, dattawa sukan zagaya da takarda bayan sallar Magariba idan za a yi wa wani aiki, ana kuma kai wasu takardun ga ƙungiyoyin agaji irin su Jam'iyyar Zamzam. 'Ya'yanmu da suka zama likitoci da ma'aikatan jinya suna amfani ƙwarai, ko ba komai sukan fassara wa tsohuwar da Larabcinta na kasuwa ne abin da likita ɗan Masar ko ɗan Indiya yake nufi.

Game da Hajiya, ga ra'ayina. Idan ta zo da bizar Umara ko ta ziyara, inshorar da ke haɗe da bizar ta larurar gaggawa ce, ba za ta ɗauki nauyin bibiyar suga da hawan jini wata-wata ba, kuma kowace kashfiyya da gwaji da riyal za ka biya, wanda ka fi ni sanin yadda yake da naira a Wapa. Ciwonta na likita ɗaya ne da zai san ta shekara da shekaru, wannan kuwa a Kano ya fi sauƙin samuwa. Ka kawo ta Umara, ta zo da maganin da zai ishe ta a cikin kwalayensa na asali tare da takardar likitanta, ni kuma zan kai ta wurin wata likita mace da iyalina suke gani, ta duba mata ido da ƙoda sau ɗaya, kuɗin yana wuyana. Kafin nan ka ɗauki hoton sakamakon gwajinta na ƙarshe da sunayen magungunan ka turo mini in nuna mata. Ka gaishe mini da Hajiya da dukan mutanen gida.