Kafin ka kwance kabureta

Ka ce injin yankan ciyawan da mai lambun nan ya kawo daga Ikoyi ya ƙi tashi, ka ja igiya har kafaɗarka ta yi tsami, shi ne kake tambaya ko ka kwance kabureta, wato inda fetur yake haɗuwa da iska kafin ya shiga inji. Ajiye sukudirebar nan tukuna, yaro. Na daɗe da wannan aiki a nan Agege, kuma yawancin injinan da ake kawo min da sunan sun lalace, rashin kula ne kawai ya kwantar da su.

Buɗe tankin ka shinshina. Fetur in ya wuce wata guda a ajiye yakan fara sauya wari, ya koma kamar tsohon fenti, ya bar danƙo a ƙananan ramukan kabureta. Ga laimar Legas, tankin da aka bari rabi sai ya yi gumi ta ciki, ruwa ya kwanta a ƙasa. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 babu mai son zubar da ko cokali guda, shi ya sa za ka ga fetur ɗin bara a injin bana. Juye shi a gwangwani, ma wanke kayan aiki da shi. Ka duba kalarsa kuma. Wasu masu lambun sun saba da ɗan janaretan Tiger da injin ciyawa na ratayawa a kafaɗa, waɗanda ake haɗa musu fetur da baƙin mai, sai su yi wa wannan haka. Shi kuwa baƙin mansa da gidansa daban. In an haɗa masa, hayaƙi zai yi ta yi, fulogi ya yi baƙi ƙirin.

Kafin hannunka ya je kusa da wuƙa, zare wayar fulogi. Wannan ba na son in sake faɗa maka. Juya wuƙar da hannu daidai yake da jan igiya, injin na iya tashi. Akwai wani mai lambu da yake zuwa nan daga Lekki, in ya miƙo maka hannu ka ƙirga yatsunsa, za ka ga biyu gundulallu. Ciyawa ce ta maƙale ya sa hannu. Shi fulogin, goge shi da burushin waya, tazarar bakinsa kada ta wuce milimita 0.7 zuwa 0.8. In farin jikinsa ya tsage, sabo za a sa.

Na ga jiya ka kwantar da wani injin ta ɓangaren da ya fi maka sauƙi. A'a. Ɓangaren kabureta da filta shi ne zai kalli sama. In ka juya, baƙin mai ya gangara cikin filta da salansa, ka tayar ka ga farin hayaƙi ya cika shago, ka zaci rin ɗin fistin ne ya mutu.

Baƙin man kansa wajen rabin lita ne, kuma shi kaɗai ne ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a injin da yake juyi kusan dubu uku a minti. SAE 30 muke sawa. Sabon inji a juye masa bayan awa 5, daga nan duk awa 25 zuwa 50. Wanda yake bin gidaje da nasa tun daga Afrilu har Oktoba, ya riƙe 25 ɗin. A juye da ɗuminsa, a auna a shimfiɗaɗɗen wuri, kada ya haura layin sama na sandar gwajin mai. Mai kawo maka man da aka juye daga mota wai don tattali, ka ce Oga ya hana.

Filta in soso ce, Omo da ruwa, a bari ta bushe sarai, a ɗiga mata mai kaɗan a matse. In ta takarda ce, kakkaɓewa kawai, ruwa kashe ta yake yi. Lokacin hunturu da ƙura ka riƙa dubawa duk sati.

Wuƙa kuwa, nan ake gane wanda ya iya. Ba sai ka taɓa ta ba, ka tambayi mai lambun yadda ciyawar take kwana biyu bayan yanka. In kawunanta sun yi fari-fari ko ja-ja kamar an yage su, wuƙa ta dushe, dukan ciyawar take yi. Kwance ta, ka kafa katako ya riƙe ta kafin ka murɗa notin. Bi gocin da ta zo da shi daga kamfani da magagari, kada ka mai da ita aska, bakin da ya yi siriri da yawa yashin Lekki zai cinye shi rana ɗaya. In ka gama, rataya ta a ƙusan nan na bango ta ramin tsakiya. Ɓangaren da ya rinjaya ƙasa shi za ka ƙara ci, har ta tsaya daidai. Wuƙar da ba ta daidaita ba ita ke sa inji rawar ɗari, notuna su kwance, boris ya ci kansa. Kuma ka kankare ɗanyar ciyawar da ta manne a ƙarƙashi da guntun katako. Ita da iskar gishirin bakin teku, a hankali za su huda ƙarfen nan.

Abu ɗaya ka faɗa da ya tsaya min, wai igiyar tana fizgar hannunka ta koma. Kira mutumin ka tambaye shi ko wuƙar ta daki dutse ko bakin kwata. Zai ce a'a, ka sake tambaya. In ta daka, akwai wani ɗan guntun ƙarfe mai laushi, ki muke ce masa, da yake riƙe da babban faifan saman injin, an yi shi ne don ya karye a madadin sandar injin. Da ya goce, wutar fulogi ba ta zuwa a kan lokaci, ko ka wanke kabureta sau goma ba zai tashi ba.

Je ka ɗauko jarkar sabon fetur da sifanar fulogi. In mun bi duk wannan ya ƙi, notin ƙasan kofin kabureta kaɗai za ka kwance, ina tsaye. Ka shimfiɗa tsumma a ƙasa tukuna, don allurar cikin in ta faɗa yashin nan sai dai mu yi sallama da ita.