Kafin ki zauna gaban kyamara, je ki gaida Malam

Ɗiyata, saƙonki ya iso. Allah ya sanya albarka a wannan aikin karanta labarai da aka ɗauke ki, ya sa ki fara a sa'a. Kin ce mahaifiyarki ta dage sai kin je kin gaida dattijon nan na unguwarku, wanda ya shafe shekaru yana karanta labarai a talabijin kafin ya yi ritaya. Kina tambaya ko dole ne, tunda ba danginmu ba ne, ba kuma shi ya koyar da ke ba, kuma in za a je, me ake kaiwa, me ake cewa. Mahaifiyarki ta yi daidai, ki je.

A Sakkwato ba a shiga sana'a sai an nemi albarkar waɗanda suka riga mutum cikinta. Haka majema ke yi, haka maƙera da marina. Aikinki kuwa ya fi buƙatar haka, domin mai karanta labarai magajin mai shela ne. A dā in sarki na da saƙo, sai a kaɗa ganga, mai shela ya tsaya ya ce Sarki ya gaishe ku, sannan ya faɗi abin da aka aiko shi da shi, ba ƙari ba ragi. Har yau da wannan kunnen mutanenmu ke sauraren labarai. In ana gardama a majalisa wani ya ce ai an faɗa a talabijin, sau da yawa nan maganar ke mutuwa. Su Malam ne suka gina wannan yardar, ke kuma a kanta za ki zauna.

Ya kamata ki san hanyar da irinsu suka biyo. Talabijin ta fara a Ibadan a 1959, ta Arewa ta buɗe a Kaduna a 1962, a 1977 kuma gwamnatin soja ta haɗa tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukumar talabijin ta ƙasa, wato NTA. Sai a 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar buɗe tasha. Wanda ya yi tashe kafin lokacin, in ya bayyana da dare kusan duk gidan da ke da akwatin talabijin shi ake kallo, har da yaran maƙwabta da suka cika tsakar gida a kan tabarma. Da yawansu ba aikin jarida suka karanta ba. Malaman makaranta ne da aka ji suna da murya da Hausa mai kyau. Sai mutum ya fara da rediyo, yana faɗin lokaci da sanarwar shirin da ke tafe, daga nan a mayar da shi teburin fassara, sannan a gwada shi da taƙaitattun labarai. Manyan labarai na dare su ne na ƙarshe, kuma akan yi shekaru kafin a kai nan. Wasu an tura su ƙaro horo a Legas ko a kwalejin talabijin ta Jos.

Aikin kansa da hannu ake yinsa. Labari na zuwa da Turanci, daga Kamfanin Dillancin Labarai na Najeriya ko daga wakilan tasha, a fassara, a buga da tafireta. Kowane labari takardarsa daban, kuma ba a haɗa takardun da ƙusa, don mai karatu ya riƙa zame wadda ya gama zuwa gefe ba tare da makirfo ya ɗauki ƙarar ba. Yana isowa aƙalla sa'a biyu kafin lokaci, ya karanta komai a bayyane da biro a hannu: layi ɗaya a tsaye inda zai ja numfashi, layi biyu inda zai tsaya, ya ja layi ƙarƙashin kowane suna. Adadi kuwa da kalmomi ake rubuta shi, domin ido kan ruɗe da sifilai, miliyan ta koma biliyan a bakin mutum. Ana lissafin wajen kalma uku a daƙiƙa ɗaya, fassarar Hausa kuma takan fi Turancin tsawo, shi ya sa sabon shiga ke gudu a ƙarshen labari yana haɗiye kalmomi. Maganin wannan a yanke jimla tun a tebur. Ke za ki samu na'urar da ke nuna rubutu a jikin kyamara, amma kada ki yarda ki zauna babu takarda a gabanki. Ranar da na'urar ta tsaya ko wuta ta ɗauke, takardar ce za ta fid da ke.

Duk wannan za ki iya samunsa wurin abokan aiki. Abin da sai wurin Malam shi ne yadda ake faɗin manyan al'amura na garin nan, kuma na farkonsu sarauta.

Mai Alfarma na Sarkin Musulmi ne. Sarakuna irin na Gwandu da Argungu Mai Martaba ake ce musu, gwamna kuma Mai Girma. Wanda a Kano ake kira hakimi, mu nan uban ƙasa muke cewa, don haka fassarar da aka yi wa mutanen Kano ba za ta zauna daidai a kunnen Basakkwace ba. Sarautu da yawa kuma sai an haɗa su da gari: akwai Sarkin Gobir na Gwadabawa, akwai Sarkin Gobir na Isa, in kika tsaya a Sarkin Gobir kawai kin bar gidaje biyu cikin ruɗu. Haka Sarkin Kabin Yabo, Ardon Shuni, Ardon Dingyaɗi, Sarkin Yaƙin Binji. Magajin Gari daban, Magajin Rafi daban. In manya sun taru a wurin biki, jerin da za ki kira su ma magana ce, wanda kika gabatar da wanda kika jinkirta duk ana lura, kuma ƙorafin kan iso tasha kafin ki cire makirfo. Ki roƙi Malam ya jera miki su da bakinsa ki rubuta, sannan ki tabbatar da masu riƙe da su a yau daga fada, domin ana naɗi ana rasuwa.

Labarin naɗi ko tuɓewa ba a karanta shi sai da takarda daga hukumar da ke da ikon yinsa. Mutanen garin nan ba su manta da Nuwamban 1988 ba. Bayan rasuwar Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi shekara 50 a kan gado, labari ya fara bazuwa cewa Muhammadu Maccido aka zaɓa, daga baya gwamnati ta sanar da Ibrahim Dasuki, gari ya rikice har aka yi asarar rayuka. Duk wanda ya yi aikin labarai a wancan makon ya san nauyin jimla ɗaya. Magana zarar bunu ce.

Sai sanarwar rasuwa, wadda na fi so ki natsu a kanta, domin nan sababbi suka fi yin ɓarna. Ba a faɗa sai an tabbatar iyalin sun sani. Babu abin da ya kai zafin uwa ko mata ta ji rasuwar nata daga bakin baƙo a akwati. Ki tabbatar daga mutum biyu na gidan, ko takarda mai sa hannun babban gida, hoton da ake yawo da shi a waya ba shaida ba ne. Tsarin karatun kuwa sananne ne. A fara da Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, a faɗi gidan da ke sanarwa, sunan mamaci da sarautarsa in yana da ita, lokacin da Allah ya yi masa rasuwa da shekarunsa. Daga nan lokacin jana'iza da wurinta, kuma wannan ki maimaita shi sau biyu a hankali, domin mu ba mu jinkirta gawa, mai sauraro kuma abin da yake jira ke nan ya san ko zai samu sallar. Sannan a ce ya bar mata da 'ya'ya da jikoki kaza, ba tare da kiran sunayen matan ba sai in gidan ne suka rubuto, a rufe da addu'a. Ba a bayyana irin ciwon, gajeruwar rashin lafiya ko doguwar jinya ta wadatar. Ba a sa kiɗa kafin sanarwar ko bayanta, kuma ba a tsallakawa daga ita kai tsaye zuwa labarin ƙwallo da fara'a. Ki sassauta murya amma kada ta karye, ko da kin san mamacin. Waɗanda suka karanta labarin haɗarin jirgin sama na 29 ga Oktoban 2006 a Abuja, wanda Sarkin Musulmi Maccido ya rasu a cikinsa, da hawaye a zuci suka karanta, amma sai da suka kai ƙarshen takarda.

Ganin wata kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: ko duk unguwarku sun ce sun gani, bakinki a rufe sai sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi. In ta fito, kada ki tsaya a cewa gobe, ki kira sunan ranar da kwanan wata na Musulunci da na boko, domin akan maimaita labarin bayan sha biyun dare, goben ta zama wata rana.

Kan sutura ba sai na tsawaita ba. Yadi mai ƙananan zane-zane na rawa a kyamara, fari fat na ƙyalli, kore kuma na ɓacewa in bangon ɗakin kore ne. Shadda mai sitaci da mayafin da ke goga makirfo suna ƙara, awarwaro na buga tebur. Ki ɗaure mayafi da fil yadda ba za ki riƙa gyara shi ba. Lokacin hunturu ki ajiye ruwa mai ɗumi kusa, kada ki sha mai sanyi ko fura dab da shiga.

Yanzu halin da za ki tarar da shi. Ma'aikacin gwamnati na ajiye aiki in ya cika shekara 35 yana aiki ko 60 da haihuwa. Mai karanta labarai yakan fita da fuskar da kowa ya sani da aljihun ƙaramin ma'aikaci, fansho kuma ba kullum yake zuwa a kan lokaci ba. Mutane na ganinsa a kasuwa suna zaton mai kuɗi ne, har a kawo masa bukata. Wasu kan koma gabatar da taro a wurin naɗin sarauta ko ƙaddamar da littafi, wasu su ɗora murya a talla, wasu su koyar. Wasu kan zama kakakin 'yan siyasa, kuma a ganina nan ne mutum ya fi saurin zubar da yardar da ya tara. Abin da ya fi damuna shi ne kaset ya yi ƙaranci a wancan zamani, ana gogewa a sake ɗauka a kai, don haka yawancin aikinsu bai saura a ko'ina ba sai a kawunansu. Kuma da wuya masu aiki yanzu su tako su tambaye su.

Ga yadda za ki yi. Kada ki faɗa masa kwatsam, a aika yaro ko yayanki kwana ɗaya ko biyu kafin nan ya nemi lokaci. Bayan la'asar ya fi, ki tashi kafin kiran magariba. Ki kauce wa tsakar rana da safiyar Juma'a. Ki tafi da yayanki ko gwaggonki. In kun yi sallama, ke ki fara shiga cikin gida ki gaida uwargida, ita za ta kai ki wurinsa ko ta sa a yi masa magana. Tsaraba ba sai mai yawa ba: rabin ƙwaryar goro, wato guda 50, ko dabino in ya bar cin goro, da kwalbar turare, da sabulu ko turmin atamfa na uwargida in da hali. Kuɗi kada ki miƙa masa a hannu gaban mutane. In kina so, ki sa a ambulan ki bar wa uwargida lokacin fita ki ce a sayi goro.

Ki cire takalmi, ki durƙusa, ki kira shi Baba ko Malam, kada sunansa ya fito bakinki. Ki bar gaisuwa ta kai inda za ta kai, wuni da gajiya da iyali da zafi, kada ki tsinke ta don sauri. Wanda ya rako ki shi zai gabatar da ke, ɗiyar wane ce, jikar wane. Sannan ki ce an ɗauke ki aikin da ya yi, kin zo neman albarka da shawara. Daga nan ki yi shiru ki saurara. Wayarki ta zauna a jaka. Kada ki ɗauki hotonsa ko muryarsa sai kin nemi izini, kuma ba a zuwan farko ba. Kada ki tambaye shi albashi ko fansho ko dalilin barinsa aiki, in yana so zai faɗa da kansa. Rabin sa'a ya isa.

Kafin ki tashi ki nemi izinin dawowa. A zuwa na biyu ne za ki zo da littafin rubutu da takardar labarai guda biyu ko uku, a ciki har da sanarwar rasuwa ɗaya da labarin fada ɗaya, ki karanta a gabansa. Zai tsayar da ke a tsakiyar jimla, watakila sau da yawa, kada ki kare kanki, ki sa alama ki sake. Ki tambaye shi kuma inda za ki bar Sakkwatanci ya fito da inda za ki tsaya kan daidaitacciyar Hausa, domin sunayen garuruwanmu da sarautunmu yadda masu su ke faɗa ake faɗinsu. Ranar da za ki fara fitowa, ki aika a gaya masa lokacin. Da sallah ƙarama da babba kuma ki sa gidansa cikin gidajen da kike zuwa gaisuwa.

Ki gaida mahaifiyarki da sauran mutanen gida.

Kawunki