Me ya sa wani ɓera yake riga ɗan'uwansa gane hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aikin kammala digiri da ɓerayen gwaji. A bahon ruwan da nake sa su iyo su nemi ɓoyayyen wurin tsayawa, wasu cikin kwana uku sun gane inda dandamalin tsira yake, wasu kuwa har kwana shida suna kewaya gefe. Ƙwaƙwalwarsu ce ta bambanta? — Ɗaliba daga Unguwar Rogo, Jos

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Tana iya bambanta, amma kada ki yi saurin ɗora mata laifi.

Sashen ƙwaƙwalwa da ke riƙe taswirar wuri shi ne hifokamfas. A 1971 masanin ƙwaƙwalwa John O'Keefe ya gano ƙwayoyi a cikinsa da ba sa tashi aiki sai dabba ta taka wani wuri takamaimai. Jinsin ɓeran gwaji da ake kira C57BL/6 yakan fi jinsin DBA/2 saurin koyon hanya, kuma wani damin zaren jijiya da ke shiga yankin CA3 na hifokamfas ya fi girma a wurin C57BL/6. Sai dai koyon ma da kansa yana sauya ƙwaƙwalwa: wani binciken hoton MRI na 2011 ya nuna bayan horon kwana 5, ɓerayen da suka nemi ɓoyayyen dandamali hifokamfas ɗinsu ya ƙaru, waɗanda suka bi alamar da ke kan dandamalin kuwa wani sashen ƙwaƙwalwa daban, sitirayatom, ne ya ƙaru.

To, fara duba bahonki. Faɗinsa ya kai santimita 120, dandamali mai santimita 10 ya nutse santimita 1, ki dama madarar gari har ruwan ya ɓoye shi. Gwaji huɗu a rana, daƙiƙa 60 kowanne, kina sauya gefen da kike sakin ɓeran. Alamomin bango kada su motsa, ke ma ki tsaya wuri guda, don yana lissafi da ke.

Zafin ruwa ya zauna wajen digiri 21 zuwa 22 a ma'aunin Celsius. Kin san sanyin Jos da hunturu. Ruwan da ya kwana a baho yakan sa ɓera ya sandare, ya yi lamo yana shawagi. Ki goge shi da tawul bayan kowane gwaji.

Masu kewaya gefen nan galibi tsoro ne ke damunsu, ko makanta. Jinsin FVB da C3H suna makancewa tun suna ƙanana. Kafa 'yar tuta a kan dandamalin. Wanda ya kasa zuwa wurinta, ki cire shi daga lissafi.

Awa 24 bayan horon ƙarshe, ki ɗauke dandamalin, ki ƙirga daƙiƙun da kowanne ya yi yana nema a kashi ɗaya cikin huɗu na bahon, inda dandamalin yake a da. Wannan adadin za ki kwatanta da girman hifokamfas.