Amsar tambayarka kan masu ƙin ɗaukar makami saboda addini

Ɗana, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya karatu? Saƙonka ya iso. Ka ce ka ji labarin wasu masu addini da ba sa shiga soja ko da hukuma ta tilasta, kana son sanin ko al'ada ce suka gada ko aƙida, yaya hukuma take yi da su, kuma anya ba tsoro ba ne aka sa wa rigar addini. Ta tsakiyar ce ta fi bukatar bayani, a kanta zan daɗe.

Aƙida ce, daga baya ta zauna ta zama al'ada. A cikin Kirista coci uku aka fi sani da ita. Akwai 'yan Menonayit, waɗanda magabatansu suka taru a ƙauyen Schleitheim na Siwizalan a 1527 suka rubuta cewa takobi na hukuma ne, mai bin Almasihu ba ya riƙe shi. Akwai 'yan Kweka, jama'ar George Fox a Ingila, da suka shaida wa Sarki Charles na Biyu a farkon shekarun 1660 cewa ba za su yi yaƙi da makami ba, ko don mulkin duniya ko don na Allah. Sai cocin 'Yan'uwa da mutum takwas suka kafa a Jamus a 1708, wadda mishan ɗinta ya sauka a Garkida a 1923 har aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, wato EYN. Shaidun Jehobah sun zo daga baya, kuma tasu hujjar ta ɗan bambanta, su cewa suke ba ruwansu da rigimar gwamnatocin duniya. Uku na farkon suna dogara da sura ta 5 ta Matiyu, inda aka ce a juya ɗaya kuncin, a kuma ƙaunaci maƙiyi. Amma yawancin Kirista ba haka suka tsaya ba. Sun bi manyan malamansu Augustine da Thomas Aquinas, waɗanda suka halatta yaƙi idan halattacciyar hukuma ce ta kira shi, dalilin na adalci ne, niyyar kuma ta gari ce.

A Musulunci ƙin yaƙi kwata-kwata ba shi ne matsayin jumhur ba. Aya ta 39 a Suratul Hajji ta ba waɗanda aka zalunta izinin yaƙi. Abin da shari'a ta yi shi ne kewaye shi da shinge: watanni huɗu masu alfarma, da wasiyyar Sayyidina Abubakar ga rundunar Sham cewa kada a kashe mace ko yaro ko tsoho, kada a sare itace mai 'ya'ya. Duk da haka akwai masu riƙe da maganar ɗan Adamu a aya ta 28 ta Suratul Ma'ida, da ya ce wa ɗan'uwansa ko ka miƙo hannu don ka kashe ni, ni ba zan miƙa nawa ba. Sa'ad bin Abi Waƙƙas da Abdullahi bin Umar da Muhammad bin Maslama sun janye hannunsu daga yaƙin fitina tsakanin Musulmi. Malaman Jakhanke na Afirka ta Yamma, mabiya Alhaji Salim Suwari, sun zauna ƙarƙashin sarakunan da ba Musulmi ba suna karantarwa, ba su ɗaga takobi ba. Ka lura da bambancin nan da kyau: wanda ya ce ba zai yi kowane yaƙi ba daban, wanda ya ce wannan yaƙin ne ba zai yi ba daban. Gaban hukuma, nan ake faɗuwa.

To, ga yadda abin yake gudana. Maganar ba ta tasowa sosai sai a ƙasar da aikin soja yake dole. Inda sa kai ake yi, mai wannan aƙida ba ya neman aikin, shi ke nan. Inda dole ne kuma doka ta ba da ƙofa, kamar yadda Birtaniya ta yi a dokar 1916, ko Jamus da ta sa wannan haƙƙi a sashe na 4 na tsarin mulkinta na 1949, mutum ba ya ɓuya. Yana rajista kamar kowa, sannan ya shigar da bukatarsa a rubuce cikin wa'adin da aka ɗiba. Takardar abu uku take amsawa: me ka yi imani da shi, ta yaya ka kai gare shi, kuma ina alamarsa a rayuwarka. Sai ya haɗa wasiƙun waɗanda suka san shi, limami ko fasto, malamin makaranta, ubangidan aiki. Wasiƙar da ta fi nauyi ita ce ta mutumin da bai yarda da aƙidar ba, kamar tsohon soja, da zai ce ban yarda da ra'ayinsa ba amma na san shi a kan haka tun da daɗewa. Daga nan a kira shi gaban kwamiti, a yi masa tambayoyi, a yanke. In an ƙi, yana da damar ɗaukaka ƙara.

Kwamitin ba ya duba ko aƙidarka daidai ce, ba aikinsa ba ne. Yana duba ko da gaske kake. Sakamakon kuma mataki-mataki ne. A Amurka akwai rukunin 1-A-O, wanda zai sa kaki ya shiga bariki amma ba zai taɓa bindiga ba, yawanci sai a kai shi jinya. Desmond Doss, ɗan cocin masu kiyaye Asabar, a wannan rukunin yake, shi ne ya kwashe masu rauni kusan 75 a Okinawa a 1945 ba tare da makami ba, har aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan ƙasar. Rukunin 1-O kuwa ko kakin ba zai sa ba, sai a ba shi aikin farar hula. Akwai kuma waɗanda suke ƙin duka biyun, suna cewa in na karɓi aikin gona na 'yanto wani ne ya tafi ya harba a madadina. Su kurkuku ne makomarsu. A Yaƙin Duniya na Ɗaya mutum wajen 16,000 ne suka ƙi a Birtaniya, kusan 6,000 cikinsu sun sha ɗauri.

Inda masu nema suke tuntuɓe, na farko shi ne wanda na ja kunnenka a kai. Saurayi ya tsaya gaban kwamiti ya ce wannan yaƙin zalunci ne, amma da ƙasarmu aka kawo wa hari da zan yi. Ya faɗi gaskiyarsa, kuma ya rusa kansa. Kotun ƙolin Amurka a shari'ar Gillette ta 1971 ta ce dokar ta masu ƙin kowane irin yaƙi ce, ba ta mai zaɓe ba. Wannan ya sa Katolika mai bin sharuɗɗan Aquinas, ko Musulmi mai auna yaƙi da ma'aunin fiƙihu, ya fi ɗan Menonayit shan wuya, alhali watakila ya fi shi zurfafa tunani a kan yaƙin da ake yi. A ganina dokar ta cuci irin waɗannan, ko da yake na san abin da hukuma take gudu: in kowa zai zaɓi yaƙinsa, runduna ba za ta haɗu ba.

Sai lokaci. Wanda bai taɓa furta wannan magana ba sai ranar da takardar kira ta iso, kwamiti zai ce tsoro ne ya koya masa addini. Ba a fafe gora ranar tafiya. Shi ya sa waɗannan coci suke sa matasansu su rubuta imaninsu tun suna kusa da shekarun kira, su sa kwanan wata, su ajiye kwafi a ofishin coci. Kuma dole rayuwa ta gaskata takarda, don wanda yake aiki a masana'antar harsashi, ko aka san shi da ɗaukar wuƙa a rigima, zai sha tambaya.

Akwai tambayar da kusan ba a fasa yi: in wani ya shigo gida zai kashe mahaifiyarka, me za ka yi? Tarko ne mai baki biyu. In ka ce za ka naɗe hannu, a ce ƙarya kake. In ka ce za ka buge shi, a ce ashe kana faɗa. Masu hankali suna amsawa da gaskiya, cewa za su shiga tsakani, su riƙe shi, su ture shi, amma wannan daban yake da shiga rundunar da wani zai nuna maka wanda ba ka sani ba ya ce harba. Kotun ƙolin Amurka ta karɓi wannan bambanci a shari'ar Sicurella ta 1955. Wasu kuma katin coci suke miƙawa suna zaton ya isa, ko su haddace kalaman fastonsu, da an juya tambayar sai su rikice. Katin bai isa ba, kuma tun shari'o'in Seeger a 1965 da Welsh a 1970 ba ma sharaɗi ba ne a can.

Mafi hatsari shi ne abin da ke biyo bayan an ƙi bukatarka. Da zarar an rubuta ka soja, ƙin sa kaki ya zama bijire wa umarni, kotun soja ce za ta hukunta ka. A Birtaniya lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya mutum kan gama wa'adin ɗauri a mai da shi bariki, a miƙa masa kaki, ya ƙi, a sake ɗaure shi. A 1916 an kai wasu Faransa, inda bijire wa umarni a fagen daga yake iya jawo kisa, aka karanta wa mutum 35 hukuncin harbewa, sannan aka mayar da shi ɗaurin shekara 10. Gudu kuma yana ɓata komai, don wanda ya tsere doka tana kallonsa a matsayin gujajje. Ɗan dambe Muhammad Ali bai gudu ba. Ya je wurin kira a Houston ranar 28 ga Afrilu 1967, aka kira sunansa ya ƙi takowa gaba, aka yanke masa shekara 5, aka ƙwace kambunsa. Kotun ƙoli ta soke hukuncin a 1971 saboda kwamitin ɗaukaka ƙara bai faɗi dalilin da ya sa ya ƙi shi ba. Don haka duk wanda aka ƙi, ya nemi dalilin a rubuce.

Wanda aka amince masa ma ba gida yake komawa ya kwanta ba. A Yaƙin Duniya na Biyu mutum wajen 12,000 ne a Amurka suka yi aikin madadi, suna kashe gobarar daji, suna kula da marasa lafiya a asibitocin taɓin hankali, ba albashi, cocinsu da danginsu ke ciyar da su. Koriya ta Kudu ta shekara da shekaru tana ɗaure Shaidun Jehobah, sai bayan hukuncin kotun tsarin mulki na 2018 ta buɗe aikin madadi a 2020: wata 36 a gidajen yari, alhali sojan ƙasa wata 18 yake yi. Wasu ƙasashen ba su da ƙofar ma sam. A Eritiriya an tsare Shaidu uku tun 1994 har zuwa 2020 ba tare da an kai su kotu ba. Masu ƙin biyan kason harajin da ke tafiya ga soja kuwa, kotunan Amurka da Birtaniya ba su saurare su ba.

Batun tsoro, ba zan ce babu matsorata a ciki ba, don su aka kafa kwamitin. Amma Franz Jägerstätter, manomi ɗan Ostiriya mai 'ya'ya ƙanana, ya san abin da ke jiransa da ya ƙi yi wa Hitler yaƙi, kuma an sare kansa ranar 9 ga Agusta 1943. Mutanen Khan Abdul Ghaffar Khan, Musulmin Pashtun da aka san su da jarunta, sun tsaya hannu sake gaban bindigogin Ingila a kasuwar Peshawar a Afrilun 1930.

Tambayar da ta fi ta tsoro wuya ita ce wa zai kare mai rauni in azzalumi ya taso. Amsarsu ita ce su shiga tsakani da jikinsu, su yi jinya, su ciyar, kuma sun yi, har aka ba ƙungiyoyin agaji biyu na 'yan Kweka kyautar Nobel a 1947. Ni dai amsar ba ta cika mini ciki ba, kuma su kansu ta raba su. Matasan Kweka da yawa sun sa kaki a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Fasto Dietrich Bonhoeffer kuma, wanda ya daɗe yana wa'azin zaman lafiya, ya ƙare cikin masu ƙulla kawar da Hitler, aka rataye shi a Afrilun 1945.

In wata ƙasa ce ta musamman kake tambaya a kai, ka duba ko dokarta ta san da wannan haƙƙi, ko aikin madadin yana hannun farar hula ne ko na soja, da tsawonsa in an gwada da na soja. Ka duba kuma ko ƙofar a buɗe take ga wanda ya riga ya shiga soja sannan zuciyarsa ta juya, don ƙasashe da yawa masu karɓar sabon kira ba sa sauraron wanda ya riga ya yi rantsuwa.

Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Kawunka